Fashin Baƙi: Me Ke Jawo Ɓarin Ciki, Kuma Wanne Ne Asibiti Zai Iya Tarewa?

Idan mace ta yi ɓari, kafin jinin ya gama tsayawa an fara neman inda za a ajiye laifi. Wata ta ce ai daka ta yi, wata ta ce guga ta ja a rijiya, wata ta tuna ranar da aka gan ta a kan babur a hanya mai gargada. Idan ɓarin ya maimaitu, maganar sai ta bar kan aiki ta koma kan kishiya, ko sammu, ko iska, ko a yanke hukunci kai tsaye a ce mahaifarta ba ta riƙe ciki. Ita kuwa mai jinyar tana kwance tana jin duk abin da ake faɗa, tana kuma lissafa wa kanta laifuffukan da ba wanda ya ambata.

To me ke jawo ɓari a haƙiƙa? Nawa ne daga cikinsa yake da alaƙa da abin da mace ta yi ko ta bari? Wanne ne magani ke iya tarewa, wanne ne kuma duk ƙwarewar likita ba ta hana shi? A shekaru ashirin ɗin da suka wuce an yi manyan bincike a kan waɗannan tambayoyi, wasunsu ma a asibitocin Kano, amma sakamakonsu bai iso tsakar gida ba, inda ake yanke wa mata hukunci.

Ba kowace asarar ciki ce iri ɗaya ba

A bakinmu kalmar ɓari tana ɗaukar abubuwa da yawa, likitoci kuwa suna rarrabe su, domin sanadinsu ya bambanta. Ɓari a wurinsu shi ne zubewar ciki kafin ɗan tayi ya kai matakin da zai iya rayuwa a waje. A Amurka suna yanke iyakar a mako 20, a Birtaniya mako 24. Mafi yawansa, kusan 8 cikin 10, yana faruwa ne a makonni 12 na farko.

Haihuwar jariri babu rai wani babi ne daban. Hukumar Lafiya ta Duniya, idan tana kwatanta ƙasashe, tana ƙirga shi daga mako 28 zuwa sama, ko ɗan ya rasu a ciki kafin naƙuda ko ana tsakiyarta.

Akwai kuma cikin da ya zauna a wajen mahaifa, yawanci a bututun da ƙwai ke bi, wanda ke samun ciki 1 zuwa 2 cikin 100. Wannan ba ya girma ya zama jariri, kuma idan bututun ya fashe jini na iya zuba a cikin cikin mace har ya kashe ta cikin sa'o'i. Mace mai ɓatan wata da ta ji ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara, da jiri ko suma, asibiti za a yi da ita a take.

Sai abin da muke kira kwantaccen ciki. Idan aka yi wa irin waɗannan mata hoton ciki, likitoci sukan tarar ko dai ɗan tayin ya daɗe da rasuwa jiki bai fitar da shi ba, ko ƙari ne a mahaifa, ko kuma al'ada ce ta ɗauke babu cikin. Kowanne cikin ukun yana da magani, kuma jiran ciki ya "tashi" yana cinye wa mace shekarun da take da ƙarfin haihuwa.

Yawan abin ya wuce yadda ake zato

A shekarar 2021 mujallar Lancet ta fitar da jerin maƙalu uku a kan ɓari, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Siobhan Quenby ta Jami'ar Warwick da Farfesa Arri Coomarasamy na Jami'ar Birmingham. Sun ƙiyasta cewa ana yin ɓari miliyan 23 a duniya kowace shekara, wato 44 a kowane minti. Kusan kashi 15 cikin 100 na cikin da aka san da shigarsa yana zubewa. Mace 1 cikin 10 ta taɓa yin ɓari sau ɗaya, kusan 2 cikin 100 sun yi sau biyu, ƙasa da 1 cikin 100 kuma sun yi sau uku ko fiye.

Ke nan a kowane taron suna da ya tara mata hamsin, akwai kimanin shida ko bakwai da suka san wannan ciwo. Da yawansu ba su taɓa faɗa wa kowa ba, domin mu da ma ba mu ambatar ciki sai ya fito, kuma abin da ba a sanar da shigarsa ba, da wuya a yi jajen fitarsa.

Abin da ke faruwa tun ranar da ciki ya shiga

A nan ne binciken ya fi ƙarfi, kuma a nan ne ya fi wanke mata. Kowace ƙwayar halittar ɗan Adam tana ɗauke da wasu zaruruwa 46 da ake kira kuromosom, 23 daga uwa, 23 daga uba. A cikinsu aka rubuta yadda za a gina zuciya da ƙwaƙwalwa da kowace gaɓa. Lokacin da ƙwan mace ko maniyyin namiji ke samuwa, wani sa'in rabon ba ya tafiya daidai, sai zare ɗaya ya yi ƙari ko ya yi ƙamfa. Ɗan tayin zai fara girma, ya kai mako shida ko takwas ko goma, sai ya tsaya domin tsarin ginin bai cika ba. Bayan kwanaki ko makonni jiki ya gane, ya fitar da shi.

Da masu bincike suka riƙa auna abin da aka ɓarar a watannin farko, sun tarar da irin wannan kuskure a kusan rabi. Ma'anarsa ita ce, ranar da mace ta ga jini, yawanci abin ya riga ya faru tun kwanaki baya. Dakan da ta yi jiya ko tafiyar da ta yi shekaranjiya ya zo ne daidai da lokacin, shi ya sa aka ɗora masa. Aikin gida na yau da kullum, da saduwa da miji, da ɓacin rai na rana ɗaya, ba a same su suna zubar da lafiyayyen ciki ba.

Abin da ya fi ƙara yawan wannan kuskure shi ne shekaru. Wani bincike da aka yi a ƙasar Nowe a kan ciki sama da 420,000, wanda aka buga a 2019, ya nuna haɗarin ɓari ya fi ƙanƙanta tsakanin shekara 25 zuwa 29, kimanin kashi 10 cikin 100, daga 30 sai ya fara hawa, har ya kai kashi 53 ga matan da suka kai 45. Dalilin shi ne ana haihuwar mace da duk ƙwayayenta, suna tsufa tare da ita. Wannan ya shafe mu ƙwarai, domin matanmu da yawa suna haihuwa har su haura arba'in. Matar da ta haifi takwas lafiya sannan ta yi ɓari biyu a jere tana da shekara 42, kafin a zargi amaryar da aka kawo bara, a fara duba shekarunta.

Namiji ma yana da nasa kason. Rabin zaruruwan nasa ne, kuma an ga haɗarin yana ƙaruwa idan uba ya haura 40, ko maniyyinsa ya samu lahani. Na san gidajen da aka saki mace saboda ɓari ba tare da an taɓa cewa mijin ya je a duba shi ba, kuma abin yana damuna har yau.

Bayan waɗannan akwai sanadin da ke jikin uwa, waɗanda ake iya ganowa: ciwon suga da ba a daidaita ba, matsalar maƙoƙo, ƙiba mai yawa ko rama mai yawa, shan taba, mahaifar da aka haifi mace da ita a rabe, bakin mahaifa mai rauni da ke buɗewa a wata na huɗu ko na biyar, wanda ake yi wa ɗauri, da wata larurar garkuwar jiki da ke sa jini daskarewa a mabiyiya. Duk da haka, kusan rabin matan da ke yawan ɓari, ko an yi musu duk gwaje-gwajen da ake da su, ba a gano komai.

Maganin riƙe ciki: me gwaji ya nuna?

Da mace ta ga ɗigon jini, abu biyu ake fara ce mata: ta kwanta kada ta motsa, kuma a nemo maganin riƙe ciki, ko a kemis ko wurin mai gargajiya. Kwanciyar dai an gwada ta, ba a ga ta hana ɓari ba. Maganar magani kuwa tana buƙatar a ɗan tsaya.

Sinadarin furojestaron jiki ne ke yin sa domin shirya mahaifa ta karɓi ciki, shi ya sa likitoci suka shafe shekaru suna ba da shi bisa kyautata zato. A 2015 aka buga sakamakon gwajin PROMISE, wanda aka yi a Birtaniya da Holan a kan mata 836 da suka yi ɓari sau uku ko fiye ba a san dalili ba. An raba su biyu ta hanyar ƙuri'a, rabi aka ba su maganin, rabi aka ba su ƙwaya mai kama da shi wadda babu komai a ciki, kuma daga matan har likitocinsu ba wanda ya san wa ya samu wanne. Waɗanda suka samu maganin, kusan kashi 66 sun haihu lafiya. Waɗanda suka samu ƙwayar banza, kashi 63. Tazarar ba ta kai a ce maganin ne ya yi aiki ba.

A lura da adadi na biyun. Mata ne da suka yi ɓari aƙalla sau uku, ba a ba su komai ba, amma fiye da 6 cikin 10 suka rungumi jariransu. Wannan albishir ne ga duk wadda ta fara fid da rai. Kuma shi ne ya bayyana dalilin da ya sa kowane mai magani yake da shaidu. Idan mata goma masu yawan ɓari suka sha jiƙon wani, shida za su haihu ko da ba su sha ba, su shidan za su yaɗa labarinsa gida-gida, huɗun da suka sake ɓari kuwa za su yi shiru. Mai maganin ba lallai ne maƙaryaci ba, shi ma abin da idonsa ya gani yake faɗa. Sai an ajiye waɗanda suka sha kusa da waɗanda ba su sha ba ake sanin gaskiya, kuma wannan ma'auni ya hau kan maganin asibiti kamar yadda ya hau kan sassaƙe.

A 2019 sai ga gwajin PRISM, a asibitoci 48 na Birtaniya, a kan mata 4,153 da suka ga jini a farkon ciki. A jimlace kashi 75 na masu maganin suka haihu, kashi 72 na marasa shi. Amma da aka ware waɗanda suka taɓa ɓari, sai tazara ta fito, kuma ta fi girma ga masu ɓari uku ko fiye: kashi 72 da kashi 57. A kan haka ne hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ba da shawara a 2021 cewa macen da ta taɓa ɓari, ta kuma ga jini, a ba ta furojestaron na matsi har mako 16, bayan an yi hoto an tabbatar cikin yana cikin mahaifa.

Masana ba su haɗu a kan wannan ba. Wasu na cewa idan gwaji bai nuna amfani a jimlace ba, tsinto wani rukuni daga ciki na iya zama dace kawai. Wasu na cewa tazarar tana ƙaruwa ne daidai da yawan ɓarin da mace ta yi a baya, wanda alama ce ta gaskiya, kuma maganin ba a ga ya cutar ba. Ni na fi karkata ga na biyun, amma da sharaɗin hoton. Matar da ta sayi maganin riƙe ciki a kemis alhali cikinta a bututu yake, tana jinkirta aikin da zai ceci ranta ne.

Haka aka gwada allurar tsinka jini ta hefarin. Ga masu waccan larurar garkuwar jiki da ke sa jini daskarewa a mabiyiya, ana haɗa ta da asfirin kuma tana taimakawa. Ga masu gadon saurin daskarewar jini kuwa, gwajin ALIFE2 na 2023 ya nuna ba ta ƙara yawan haihuwa ba, alhali an daɗe ana sa mata suna yi wa kansu allura kullum.

Asarar da aka san maganinta

Ɓarin watannin farko yawancinsa ya fi ƙarfin likita. Asarar watannin ƙarshe kuwa akasin haka ce, kuma ita ce ta fi cinmu. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ce ana haihuwar jarirai kusan miliyan 2 babu rai kowace shekara, ɗaya a kowane daƙiƙa 16, kuma sama da kashi 40 suna rasuwa ne ana cikin naƙuda. Wato ɗan ya kai lokacin naƙuda da ransa, ya rasa shi a sa'o'in ƙarshe, saboda doguwar naƙuda a gida, ko rashin mota da dare, ko rashin jini da wanda zai yi tiyata. Najeriya tana cikin ƙasashen da suka fi yawan wannan, kamar yadda take ɗauke da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka mutu a dalilin ciki da haihuwa a duniya a 2023, kimanin 75,000.

Babban misali shi ne jijjiga. Tushenta a mabiyiya yake: idan jijiyoyinta ba su kama bangon mahaifa da kyau ba tun farko, bayan mako 20 jinin uwa sai ya hau, ƙoda ta fara zubar da sinadarin gina jiki a fitsari, ɗan kuma ya daina samun isasshen abinci. Alamunta ciwon kai mai tsanani ne, da gani dishi-dishi, da kumburin fuska da hannu, da ciwo a ƙasan haƙarƙarin dama. Idan ta kai ga mace ta faɗi tana taune harshe, a gidaje da yawa hayaƙi ake fara yi mata ana cewa iska ce, alhali kowane minti yana da tsada.

A 2002 gwajin Magpie, a kan mata sama da 10,000 a ƙasashe 33, ya nuna allurar maganiziyam salfet, mai arha, tana rage aukuwar jijjiga da fiye da rabi. A 2008 aka shigar da ita manyan asibitocin gwamnati goma a jihar Kano, aka horar da likitoci da ungozomomi. Rahoton da Dakta Jamilu Tukur da abokan aikinsa suka buga ya nuna mace-macen masu wannan larura ya faɗo daga kusan kashi 21 zuwa kashi 2 da ɗoriya. Maganin ya daɗe a duniya, isowarsa ɗakin haihuwa ce ta yi jinkiri.

Akwai kuma rigakafi. Gwajin ASPRE na 2017 ya nuna cewa matan da aka gano suna cikin haɗari, idan suka fara shan ƙaramin asfirin kullum tun wajen mako 11 zuwa 14, hawan jinin da ke tilasta haihuwar bakwaini yana raguwa da kashi 62. Matsalarmu ita ce lokacin. Asfirin ɗin yana aiki ne yayin da mabiyiya ke kafuwa, matanmu kuwa da yawa ba sa fara awo sai ciki ya kai wata biyar ko shida, saboda kunya, ko nisa, ko jiran izini da kuɗin mota. Kuma ba magani ne da mace za ta saya da kanta ba, ma'aikacin lafiya ne zai auna ko tana cikin waɗanda ya dace da su: wadda ta taɓa jijjiga, mai hawan jini, mai suga, mai ciwon ƙoda, mai cikin tagwaye.

Zazzaɓin cizon sauro ma yana taruwa a mabiyiya, wani lokacin uwar ba ta ma jin zazzaɓi, ya jawo ƙarancin jini da ƙaramin jariri ko mutuwarsa. Shi ya sa ake ba da Fansidar a wurin awo daga wata na huɗu, aƙalla sau uku, wata guda tsakani, tare da gidan sauro. Tunjere yana kashe 'ya'ya a ciki bi da bi, alhali gwajinsa ɗigon jini ne, maganinsa allurar fenisilin, ga mata da miji duka. Uwar da rukunin jininta negetif ne kuma ɗan fozitif, tana buƙatar allura cikin sa'o'i 72 bayan haihuwa ko ɓari, in ba haka ba jikinta na iya yaƙar 'ya'yan da za su biyo baya. Wasu daga cikin matan da ake kira masu wabi, amsarsu tana cikin waɗannan gwaje-gwaje masu sauƙi.

Ta fuskar zubar jini bayan haihuwa, gwajin E-MOTIVE na 2023 a asibitoci 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangarensa na Najeriya, ya nuna cewa shimfiɗa leda mai ma'auni don auna jinin da ya zuba, da ba da magungunan gaba ɗaya a lokaci guda, ya rage munanan sakamako da kashi 60.

Bayan ɓarin

Idan ɓari ya faru, abin lura na farko shi ne ko komai ya fita. Jini mai yawa, zazzaɓi, ko wari, alama ce ta saura ko ƙwayoyin cuta, kuma ana buƙatar wankin ciki ko magani a asibiti. Masu binciken Lancet sun ba da shawarar a daina jiran ɓari na uku kafin a kula mace: bayan na farko a zauna a yi mata bayani a duba lafiyarta, bayan na biyu a yi gwajin jini da na maƙoƙo, bayan na uku ta ga ƙwararren likita a faɗaɗa bincike.

Ciwon zuciyar ma an auna shi. Wani bincike da aka yi a Landan, aka buga a 2020, ya tarar cewa wata ɗaya bayan asarar ƙaramin ciki, kashi 29 na matan suna da alamun firgicin da ke biyo bayan masifa, bayan wata tara kuma kashi 18 ba su fita daga ciki ba. Kalmar "ai ƙaramin ciki ne, Allah zai kawo wani" da kyakkyawar niyya ake faɗarta, amma idan mace ta daina barci, ko tana tsoron ganin jarirai, ko hawaye ya ƙi tsayawa bayan watanni, tana buƙatar a kai ta ta ga ma'aikacin lafiya kamar yadda za a kai ta idan jini ne ya ƙi tsayawa.

Tambayar da ma'aurata suka fi yi ita ce yaushe za a sake neman wani cikin. Tsohuwar shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a jira wata shida. Binciken da aka yi daga baya a Sikotlan da Nowe bai ga ƙarin haɗari ga matan da suka ɗauki ciki kafin wata shidan ba. Shi ya sa likitoci da yawa yanzu suke cewa, bayan ɓarin farkon ciki da bai zo da matsala ba, idan jini ya tsaya, al'ada ta dawo sau ɗaya, jinin jikinta ya cika, ita kanta kuma ta ji ta shirya, ba laifi. Wadda aka yi wa tiyata, ko ta yi ciki a bututu, ko ta rasa ɗa a watannin ƙarshe, likitanta ne zai tsayar mata da lokaci. Duk wadda ke shirin wani cikin kuma ta fara shan ƙwayar folik asid tun kafin ya shiga, ta je awon farko da zarar ta ga ɓatan wata.